Kafin bindiga ta tashi, me kunne ke ji?

Mai Haɗa Sauti, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Gudummawar masu sani nake nema. Muna shirya wasan kwaikwayo na rediyo kan zuwan Turawa ƙasar Hausa, tun daga saukarsu Zariya a 1902 har faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, haɗa sautin kuma a hannuna yake. Sautukan bindiga da ake samu a intanet kusan duk ɗaya ne, dum, dum, shi ke nan. A rediyo kuwa ba hoto, abin da kunne ya kama shi ne labarin. So nake mai sauraro a Rigasa ko Giwa ya ji ƙara kawai ya ce wannan ta dakarun sarki ce, waccan ta sojan Turawa ce. Iya fahimtata, bambancin bai tsaya ga tashin bindigar ba, yana cikin ƙananan ƙararrakin ƙarfe da ake ji kafin ta tashi da bayan ta tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da adaka ko bindigar soja, don Allah ya kwatanta mini abin da ake ji, daki-daki.

Jikan Maƙeri, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. A maƙera na tashi cikin birnin Zariya, kuma duk goman ƙarshe na azumi masu bindigogin hawa kan kawo wa kakanmu kayansu a duba.

Adaka ba ƙara ɗaya gare ta ba. Jeri ne, kuma kowace ƙara hannun mutum ne ya yi ta. Za a tsayar da ita gindi a ƙasa, a zuba albarushi ta baki, ka ji wani siririn shuuu yana gangarawa cikin bututu. A cusa tsumma. Sai a zaro sandar ɗuri daga ƙarƙashin bututun, ƙarfe na gogar ƙarfe, a shiga dannawa: dif, dif, dif.

Sandar nan ita ke gaya wa mutum ko da ɗuri a ciki. In ka sake ta cikin bututun da ba komai, za ta bugi ƙarfen gindi ta ce ƙil, har ta ɗan yi tsalle. In da ɗuri, a dushe muryar take fita. Kakanmu ba ya taɓa bindigar kowa sai ya yi wannan gwaji, ko da mai ita ya rantse ba komai ciki.

Bayan ɗuri sai ɗani. 'Yar gudumar da ke gefe, in ka ja ta baya sau biyu take magana. Ƙas na farko rabin ɗani ne, a nan ko an ja kunama ba ta sakuwa. Ƙas na biyu mai ɗan kauri, shi ne ta ɗanu. In tsohuwa ce mai ƙanƙara, wato ɗan dutsen ƙyastu, ana jan kunama abu uku za ka ji a jere: ƙyas, ƙanƙara ta karci ƙarfe ta ba da tartsatsi, fus, ɗan albarushin da ke kaskon gefe ya kama, sannan dum. Tazarar 'yar mitsitsiya ce, amma kunne na rarrabewa. Da damina in albarushi ya sha sanyi tazarar kan ƙaru, wani sa'in ma ka ji ƙyas da fus, dum ɗin ya ƙi zuwa. Wannan shirun ya fi komai haɗari, don tana iya tashi bayan mutum ya sauke ta daga kafaɗa.

Mai Haɗa Sauti, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Yaya. To waɗanda muke ji a hawan sallah, masu ƙanƙarar ne?

Jikan Maƙeri, Rigasa:
A'a, na yanzu galibi ba ƙanƙara. Wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ake kifawa a kan hancin da ke gefe, guduma ta buge shi ya kama. Ita wannan babu fus a tsakani, ƙas-dum ne a haɗe. Kuma a hawa ba a sa dalma, albarushi ne zalla da tsumma, shi ya sa ƙarar ke da faɗi, ga farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada. Dokin da aka saba masa ko kunne ba ya kaɗawa, sabon doki kuwa sai an riƙe shi da gaske.

Malam Na Tarihi, Unguwar Sarki:
Ƙanena mai sauti, kafin ka cika wasan da harbe-harbe bari in ja hankalinka. Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Mai Idris Alooma na Barno yana da masu bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, cikin ƙarni na 18. Sarkin Zazzau Yero ya kafa rundunar bayi masu bindiga a ƙarshen ƙarni na 19, ɗansa Kwasau ya gaje ta. Duk da haka ƙarfin yaƙin sarakunanmu doki ne da mashi da takobi da kwari da baka. Saboda haka a ɓangarenmu abin da ya kamata ya cika kunne shi ne kofato da haniniya, kacau-kacau na sulke da linzami, tambari, kakaki, kirari da kabbara. Adaka jefi-jefi, domin sai ƙwararre ne ke harba uku a minti guda.

Kada kuma ka sa yaƙi a Zariya a 1902. Kwasau ne da kansa ya nemi agajin Turawa kan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, suka zo suka girke soja, daga baya suka tuɓe shi. Wutar a Kano aka yi ta, 3 ga Fabrairu 1903, inda igwa ta fasa ƙofa, sai Giginya a Sakkwato 15 ga Maris, sai Burmi 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Wani zai ce me ya sa har 1903 muna fama da mai ƙanƙara, alhali Turai ta bar ta tun wajen shekara sittin baya? Akwai yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burusel a 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Na zamani sun ci gaba da shigowa ta hamada da ta bayan fage, amma kaɗan.

Ɓangaren Turawa ƙara biyu za ka nema. Ta farko ta bindigar hannu mai ɗuri ta gindi. Martini, wadda sojan Ingila ya ɗauka a 1871 daga baya ta gangaro wa rundunonin mulkin mallaka, tana da mariƙi a ƙasa: a danna shi ƙwas, gindi ya buɗe, kwanso ya fito, a zura harsashi ɗaya, a mayar ƙwas. Ba tsumma, ba sanda, ba tsayar da bindiga.

Ta biyu ita ce mai ruwa, wadda Hiram Maxim, Ba'amurke mazaunin Ingila, ya ƙera a 1884. Dabararsa ita ce ƙarfin nan da ke tunkuɗo bindiga baya ya daki kafaɗar maharbi, shi ya sa aiki. Shi ke zare kwanso, ya jawo sabon harsashi daga jigida, ya ɗana, ya sake tashi. Kusan 600 a minti, wato goma a daƙiƙa ɗaya, jigida guda kuma 250 take ci. Bututun a cikin rigar ruwa yake don kada ya yi ja, in wuta ta yi tsawo ruwan ya tafasa ka ji tururi na huci. An riga an ji ta a Bida da Ilori a 1897. Ni a ganina babban abin da ya canza a shekarun nan ke nan: a da tsakanin harbi da harbi akwai lokacin da mahayi zai iya cin tazara ya iso, mai ruwa ta shafe wannan lokacin. In ka iya sa mai sauraro ya ji dif-dif-dif na sandar ɗuri yana gudana a hankali, ƙarar mai ruwa tana binne shi, ka gama ba da tarihin ba tare da mai ba da labari ya buɗe baki ba.

Baba Saje, Kawo:
Yarana sannunku da hira. Jikata ce ke karanto mini, ita ke rubuta abin da na ce. A Depo na Zariya na yi kurtu, ina saje na ajiye aiki.

Malam ya yi bayani mai kyau. Zan ɗora daga inda ya tsaya, ko ba zai shiga wasanku ba.

Wadda muke kira mak fo, wato Lee-Enfield mai harsashi .303, gidanta goma yake ci. Motsi huɗu gare ta: ɗaga sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle gindi, ja baya, tura gaba, kwantar. Kurtu za ka ji huɗun a rarrabe, ƙas, ƙarr, ƙarr, ƙas. Tsohon hannu kuwa biyu kawai za ka ji, ƙarak-ƙarak, a tsakani kwanson tagulla ya faɗi ƙasa ƙililin. A filin harbi ko ban juya ba na san wanda ke tsoron bindigarsa daga yadda sakatarsa ke tafiya. Ita a turawa gaba take ɗanuwa, shi ya sa ƙarshen turawar ke da nauyi. Mauser ta Jamus a ɗagawa take ɗanuwa, nauyinta a farko yake. Dangin Lee-Enfield ɗin nan iyayenmu suka riƙe a Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

G3 ta Jamus daban ce. Hannun ɗaninta yana can gaba ta hagu, saman bututu. Sai ka buɗe shi, ka ja da ƙarfi don sifirin ɗin na da tauri, ka maƙale shi a gurbinsa, sannan ka mare shi da tafin hannu ya koma, fas-ƙwaram. Duk wanda ya zauna bariki ya san wannan marin. FN ta Beljiyam ta fi ta ladabi, hannunta na kusa, tafiyarsa sumul.

AK kuwa mai surutu ce. Da gangan aka bar wa sassanta sarari don ƙura da laka kada su riƙe ta, shi ya sa ko girgiza ta ka yi sai ta yi ƙwaram-ƙwaram. Ga faifan tsaro a dama, ƙaton falle na ƙarfe, ba ya sauka shiru, sai ya ce ƙwas. Cikin dare ana jin sa daga nesa. In harsashi ya ƙare kuma sakatarta ba ta tsayawa a buɗe, rufewa take, mutum ya ja kunama ya ji ƙis. M16 ta Amurka ita tana tsayawa a buɗe, kuma sifirin ɗinta a cikin gindi yake, daidai kuncin maharbi, duk harbi yana jin zuwww a kunnensa.

Maman Biyu, Mando:
Ku yi haƙuri zan katse ku. Tun ɗazu nake karantawa, ƙirjina na bugawa. Baba Saje, da girmanka, ban ce ka faɗi abin da ba daidai ba. Amma wannan ƙwas ɗin da kake kwatantawa ni na ji shi, kuma ba a filin harbi ba. A bayan katangar gidanmu na ji shi, a ƙauyenmu ta yankin Birnin Gwari, daren da ya sa muka baro gari. Kafin harbin farko shi muka fara ji, shi da wannan ja-da-sakin ƙarfen. Mijina bai taɓa riƙe bindiga ba, amma yana ji ya ce mu kwanta.

Har yau 'yata in mai shago ya ja ƙofar ƙarfe da ƙarfi sai ta ruga ta riƙe ni. In salansar babur ta yi tas, ko yara suka kunna abin fashewa da sallah, ba ta barci ranar. Mu irinmu muna da yawa a Mando da Rigasa da Hayin Ɗanmani, daga Giwa, daga Chikun, daga Kajuru. Duk muna jin rediyo. To ku gaya mini, in kuka samo ainihin ƙarar nan kuka sa a wasa, wa kuke yi wa? Ni abin da ya dame ni ke nan, yadda ake hirarsa da sha'awa.

Baba Saje, Kawo:
'Yata, Allah ya ba ku haƙuri, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Maganarki gaskiya ce. Ba don daɗi na faɗa ba. Na binne abokai, kuma ni ma akwai ƙarar da har gobe ke tashe ni daga barci. Amma ki lura, mijinki ya gane ƙarar, shi ya sa ya ce ku kwanta. Wannan sanin ya yi muku rana. Ni na fi so yaranmu su san bambancin ƙarar salansa da ta bindiga, don na ga kasuwa ta watse an tattake mata da yara saboda tayar mota ta fashe.

Maman Biyu, Mando:
Baba, sanin da ake samu ta wannan hanya ba na yi wa ɗan kowa fatansa. Amma na ji.

Mai Haɗa Sauti, Tudun Wada:
Anti, na gode da kika faɗa a fili. Wasanmu a 1903 ya tsaya, babu ƙarar AK a ciki ko ɗaya, kuma ba zan sa ba. Dalilin da ya sa nake neman ta gaskiya shi ne ƙarar fim ce ke mayar da bindiga abin burgewa. Jarumi ya ɗaga ta, ta yi ƙarak mai daɗin ji, ya harbe goma bai ko runtse ido ba. Ta gaskiya ba ta da daɗi. Ina so wanda ya ji Giginya a rediyo jikinsa ya yi sanyi. Zan kuma nemi a riƙa sanarwa kafin shirin cewa akwai ƙarar harbi, kuma kada a sa shi da tsakar dare.

Maman Biyu, Mando:
Sanarwar tana da amfani. A yi ta sau biyu, don wani a tsakiya yake kunnawa.

Malamin Kimiyya, Barnawa:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Bari in taimaka ta fannina, don akwai abin da in mai sauti bai gane ba zai sha wahala.

Abin da muke kira ƙarar bindiga abu uku ne a haɗe. Akwai ƙarar ƙarafan ciki, wadda ake ta bayani, ita sai na kusa ke ji. Akwai fashewar iska a baki. Akwai kuma ƙarar harsashin kansa in ya fi sauti gudu. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Harsashin AK na fita da kimanin mita 715 a daƙiƙa, ya ninka sauti. Don haka wanda harsashi ya wuce ta kusa da shi daga nesa, tas mai kaifi zai fara ji, sannan gum na bakin bindigar ya iso daga baya. Bindigar hawa ba ta da wannan tas ɗin tunda ba abin da ta jefa.

Albarushin gargajiya ƙarfin matsinsa kaɗan ne, bututun kuma mai faɗi, shi ya sa muryarsa ke da kauri da tsawo. Marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, matsinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba, ƙararsa gajeriya ce mai tsini. Wannan ma ya isa ya raba maka ɓangarorin biyu.

Batun sauri kuma, kunnen ɗan Adam na iya ƙirga bugu in bai wuce kima ba. Goma a daƙiƙa irin na mai ruwa kana jin kowanne, ta-ta-ta-ta. Bren ta Ingila ma, mai kimanin 500 a minti, haka. Amma MG42 ta Jamus a yaƙin duniya na biyu kimanin 1,200 take yi a minti, ashirin a daƙiƙa, a nan kunne ya daina rabawa, sai ya ji abu ɗaya a miƙe. Sojojin da suka fuskance ta da yagar yadi suka kwatanta ƙarar. Kada wani ya ba ka wannan a matsayin mai ruwa, shekara kusan sittin ke tsakaninsu.

Sannan kada ka ɗauka da waya. Makirfon waya ba ya jure irin wannan ƙarfi, yanke kan sautin yake, kowace bindiga ta koma fat-fat. Wuri ma na da tasiri: a lungun birni katanga na maido da amsa kuwwa, a fili kuwa ƙarar na tafiya ba ta dawowa. Da asuba lokacin hunturu iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa ya yi nisa. Shi ya sa mutanen da ke kewayen Jaji ko Kachia kan ji atisaye rangaɗau da sassafe, da rana kuma da ƙyar.

Abba Mai Gyaran Waya, Kasuwar Barci:
Manya ku ba ni dama. Akwai wata bindigar sojan Amurka a finafinan yaƙin duniya, in harsashi ya ƙare sai wani ƙarfe ya yi tsalle ya ce tiiin. An ce abokan gaba na jiran wannan ƙarar, suna ji sai su taso don sun san ba komai a ciki. Gaskiya ne?

Ɗan Kakuri:
M1 Garand kake nufi, Amurka ta ɗauke ta a 1936. Harsashi takwas ake turawa ta sama a cikin wani maƙalin ƙarfe, na takwas na fita bindigar ta watso maƙalin waje, shi ne ke wannan ƙarar. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne an ƙera 'yarta a nan Kaduna. Mahaifina ya yi aiki a masana'antar kayan yaƙi ta Kakuri, DICON, wadda aka kafa a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya girka injinanta. Cikin abin da aka fara yi akwai BM59, da izinin kamfanin Beretta na Italiya. BM59 Garand ce aka gyara, aka sa mata gidan harsashi mai cin 20 da ake cirewa ta ƙasa. Tunda ba maƙalin da ake watsowa, tiiin ɗin ya tafi, amma jan sakatar da rufewarta mai nauyi na nan irin na uwarta. Daga baya ne aka zo kan FN, sannan OBJ-006 wadda ƙirar AK ce. Mu da muka tashi a Kakuri da Maƙera, ƙarar gwajin harbi da jiniyar masaƙu tare muka san su.

Baba Saje, Kawo:
Abba ɗana, ban riƙe ta Amurkan ba, amma na san fagen fama. Mutumin da ya harba takwas a jere, na kusa da shi ma suna harbi, igwa na tashi, kunnen kowa ya toshe. Wa zai ji ɗan ƙarfe ya faɗi daga nisan filin ƙwallo? Ko ya ji, soja ba shi kaɗai yake ba, na gefensa bindigarsu cike take, shi kuma cikin daƙiƙa kaɗan ya sake ɗurawa. Ni ban yarda da labarin ba.

Abba Mai Gyaran Waya, Kasuwar Barci:
To Baba, in su biyu ne kawai a cikin gini fa, ba hayaniya?

Baba Saje, Kawo:
A cikin gini ma ya fi muni. Harbi ɗaya a ɗaki, in ba abin toshe kunne, sai dai ka ga bakin mutum na motsi. Fim ne ke sa mutane su yi harbi a ɗaki sannan su yi raɗa. Haka salansar da suke ɗaurawa a baki ta ce fyut. Rage ƙara take, ba ta kashe ta, kuma ƙarar sakata da tas ɗin harsashi suna nan.

Anti Nas, Unguwar Rimi:
Tunda Baba ya kawo maganar kunne, nan ne nawa. Ƙarar yawancin bindigogi ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma a wannan mataki harbi ɗaya tak na iya yin lahani na dindindin. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Abin da ke fara tafiya shi ne siraran sautuka, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya ganewa, musamman muryar mata da yara ko cikin taro. Sai kuma ƙugin nan da ba ya tsayawa, wiii dare da rana.

Wanda ke saɓa bindiga a kafaɗar dama, kunnen hagu ne ya fi cutuwa, don shi ke fuskantar bakin bututu, na dama kai ya ɗan kare shi. Muna ganin haka ga tsofaffin sojoji da maharba da 'yan sintiri. Masu bindigar hawa kuwa ba wanda ke maganarsu, ga su a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa na harbi a kunnen ɗan'uwansa, ga yara na bin su a guje. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna, ana gwajin ji a can. Baba Saje, don Allah a kai ka a auna.

Baba Saje, Kawo:
'Yata kin faɗi daidai, na hagun ne. Jikata ta ce ita za ta raka ni.

Malam Na Tarihi, Unguwar Sarki:
Wani abu ya tsaya mini a rai tun bayanin Jikan Maƙeri. Hotunan hawan daba muna da su, na 1956 da aka yi wa Sarauniyar Ingila a nan Kaduna, da na 1977 lokacin bikin al'adu na FESTAC. Takardu na nan a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Amma waɗannan ƙananan ƙararrakin, zubin albarushi da sandar ɗuri da ɗani biyu, sai wanda ya tsaya dab da mai bindiga ke jin su, kuma dattawan da suka iya mai ƙanƙara ƙarewa suke. In za a ɗauka, a ɗauka har da bakinsu, su faɗi sunan kowane sashe da kirarin da suke yi, a ajiye kwafi inda ɗalibai za su samu. Wannan ya fi wasan kansa daɗewa.

Jikan Maƙeri, Rigasa:
Ranka ya daɗe Malam, zai yiwu, amma ta hanyarsa. Ba a zuwa wurin mutum kai tsaye a ce ya harba. Ta fada ake bi, a sanar da shugabansu, a kuma sanar da 'yan sanda da mai unguwa, don ko adaka ce tana ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, kuma a halin da ake ciki ƙara ɗaya ba sanarwa ta isa ta tayar da gari. Akwai wani baffanmu da har yanzu yake da mai ƙanƙara ta gado, zan yi masa magana bayan Juma'a.

Mai sauti, ɗurin da ɗanin ba sai an harba ba, a zaure ma za ka ɗauke su da bindiga ba komai ciki, a sa yashi mai laushi a madadin albarushi. Harbin ne sai an fita bayan gari. Ka zo da makirfo biyu, ɗaya kusa da gudumar ɗaya can nesa, ka kuma taho da abin toshe kunne na mutum huɗu, har da na baffan.